Yadda Za A Sauya Fitilun Titin Unguwa Ba Tare Da An Cutar Da Jemagu Da Tsuntsaye Ba

Duk mai biyan kuɗin wuta a Ghana yana biyan na fitilar titi, domin akwai harajinta a cikin bil ɗin wuta, kamar na ECG, kamfanin rarraba wutar lantarki. Don haka mutanen Aboabo ko Asawase a Kumasi haƙƙinsu suke nema idan suka ce a gyara musu fitilu. Sai dai a san irin wadda za a nema, don farar fitila mai kashe ido da ake yayi yanzu tana da nata lahanin.

A fara da zagaye. Mutum uku ko huɗu su bi layi-layi bayan sallar isha'i da takarda da biro, su rubuta kowace falwaya: wadda fitilarta ta mutu, wadda ke ci da rana tsaka, wadda ke haska rufin gida ta bar hanya cikin duhu. A tsaya wajen mai shayi, a tambayi mai koko da ke fitowa tun kafin asuba, a tambayi ladan. Su suka san lungun da ake tsoro da kwalbatin da mutane ke faɗawa.

Daga nan sai lissafi, shi ne zai sa a saurare ku. Dare a Kumasi kusan awa 12 ne duk shekara. Tsohuwar fitilar sodiyam mai wat 250 tana cin kilowat-awa 3 a dare guda, wajen 90 a wata. Sabuwar fitilar LED mai wat 80 ba ta kai 30 a wata ba. A ninka wannan bambanci da yawan falwayoyin da aka ƙirga, a kai takardar ga wakilin unguwa a majalisar Asokore Mampong ko ta birnin Kumasi (KMA), tare da sa hannun sarkin zango da limamai.

Wurin zaɓen fitila ne ya kamata a natsu. A jikin kwalin akwai lamba mai harafin K, ita ke nuna launin hasken. Mai 5000K ko 6500K fara ce fat, kuma shuɗin haske ya yi yawa a cikinta. Shi ke janyo ƙwari daga nesa. Kowa ya ga yadda shinge ke rufe fitila bayan ruwan farko har yara su ajiye kwano da ruwa a gindinta. Wannan na ɗan lokaci ne, amma ƙananan ƙwari haka suke kewaya farar fitila kowane dare har su faɗi matattu, alhali da su tsuntsaye da kwaɗi da ƙananan jemagu ke rayuwa. A nemi 3000K ko ƙasa da haka. Ni 2700K na fi so a cikin unguwa, haskenta da ɗan ja-ja, ido yana sakewa da shi, barcin maƙwabta ma bai lalace ba. Kusa da rafi ko manyan itatuwa a sauka zuwa 2200K.

Wani zai ce mene ne abin damuwa da jemage. Ya je kusa da gidan namun daji na Kumasi da magariba ya ga yadda dubban jemagu ke tashi neman 'ya'yan itace. Su ke yaɗa irin itatuwa zuwa nesa, har da odum da kafintocinmu ke alfahari da katakonsa. Dabbar dare tana buƙatar duhunta, kuma ba mu da hujjar ƙwace mata shi don haska sararin sama da ba kowa a ciki.

Shi ya sa murfi yake da muhimmanci kamar launi. Kan fitilar ya zama a rufe ta sama, gilashinta a kwance yana kallon ƙasa. Masu ɗaurawa sun saba ɗaga kanta wai don haske ya yi nisa, a hana su. Fitilar da ke dukan ido tana sa abin da ke bayanta ya ƙara duhu, mai babur ya kasa ganin yaron da ke tsallaka titi.

A tabbata tana da alamar IP65 ko IP66 saboda ruwan damina da ƙurar hunturu, da abin kariya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke. A sa mata na'urar da ke kunnawa da magariba ta kashe idan gari ya waye. In da hali, a sayi mai rage haske zuwa rabi daga sha biyun dare, ta dawo cikakke kafin kiran sallar farko. Ragewa nake nufi, kada a kashe, akwai mata da masu aikin dare a kan hanya.

Kada a saye duka lokaci guda. A gwada a layi ɗaya na wata guda, a sake zagayawa, a ji bakin mazauna wurin. Hawa falwaya kuma aikin mai lasisin Hukumar Makamashi ne, da sanin ECG, ba na yaron unguwa mai tsani ba.

Tsoffin ƙwayayen sodiyam da na makuri akwai sinadarin makuri mai guba a cikinsu. A tara su a kwali ba tare da sun fashe ba, a miƙa wa majalisa ta kai inda ake karɓar sharar lantarki. Kada a zuba su a kwata, kada kuma a bar wa yara masu tsintar ƙarfe.