Yadda ake raba firinta ɗaya ga dukan ofis ta layin umarni

A yawancin ƙananan ofisoshi da shagunan buga takardu na Maradi, firinta tana ɗaure ne da kwamfuta guda ta igiyar USB, kowa kuma yana zuwa da filashinsa yana jiran mai kujerar ya tashi. A lokacin da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke buga kundin kammala karatu, layin kan kai bakin ƙofa. Maganin wannan shi ne a ware kwamfuta ɗaya, ko da tsohuwa ce, ta zama uwar garke, wato wadda ke karɓar aikin kowa tana miƙa wa firinta bi da bi. Manhajar da ke wannan aiki a Linux ita ce CUPS, wadda Michael Sweet ya ƙirƙira, ta fito a 1999, kamfanin Apple kuma ya saye ta a 2007. Bayanin da ke tafe na Ubuntu ne da Debian, wato nau'o'i biyu na Linux.

Kafin ka rubuta umarni ko ɗaya, idan firintar tana haɗe da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna, ka ba ta adireshin IP da ba ya sauyawa, wato lambar da ake gane ta da ita, ka ba uwar garken nata. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi jawo ciwon kai a garin da ake yawan ɗauke wuta, domin duk lokacin da wuta ta dawo rauta na iya raba adireshi sabo, sai uwar garke ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa a ciki. Ana kafa adireshin daga allon firintar kanta, ko daga shafin rauta. A nan za mu ɗauka firinta tana 192.168.1.50, uwar garke kuma tana 192.168.1.10.

Daga nan sai ka buɗe tagar umarni a uwar garke ka girka manhajojin:

sudo apt update
sudo apt install cups avahi-daemon

Ta biyun, wato avahi-daemon, ita ce ke shelanta firinta a cikin gida, har wayoyi da kwamfutoci su gan ta da kansu. Idan madannanka na Faransanci ne, irin AZERTY da ya cika kasuwanninmu, ka lura cewa lambobi da alamar / suna buƙatar Shift. Kuskuren harafi ɗaya a adireshi ya isa ya ɓata maka yini.

Sai ka tambayi CUPS abin da take gani:

sudo lpinfo -v

Firintar da ke kan igiya za ta fito da layi mai farawa da usb://, ta kan rauta kuwa da ipp:// ko dnssd:// ko socket://. Idan firintar ta zamani ce, ba ka buƙatar direba, wato manhajar da ke koya wa kwamfuta magana da firinta, saboda tana jin ƙa'idar IPP Everywhere ta bugawa ba da direba ba, kuma umarni ɗaya ya wadatar:

sudo lpadmin -p Ofis -E -v ipp://192.168.1.50/ipp/print -m everywhere

Ofis shi ne sunan da kowa zai gani, kuma ba a sa sarari a cikinsa. Harafin -E, idan ya zo bayan suna kamar haka, yana kunna firintar ya sa ta fara karɓar aiki. Idan ya riga -p zuwa, ma'anarsa ta koma ɓoye bayanan haɗi, don haka kada ka sauya masa wuri. Dole ne firintar ta kasance a kunne a wannan lokaci, domin CUPS za ta tambaye ta irin takardar da take ɗauka da ko tana buga launi. Tsofaffin injunan da ake shigowa da su na hannu sau da yawa ba su san IPP ba; irin waɗannan ana kiran su ta socket://192.168.1.50:9100, ko ta layin usb:// da lpinfo -v ta nuna idan suna kan igiya, a nemo direbansu da lpinfo -m, a rubuta sunansa a gurbin everywhere.

Yanzu sai saituna uku a layi guda, kuma na ukun ya fi sauran muhimmanci:

sudo lpadmin -p Ofis -o printer-is-shared=true -o PageSize=A4 -o printer-error-policy=retry-job

Na farko ya ba da izinin rabawa. Na biyu ya tsayar da takarda a kan A4 da muke amfani da ita, domin wasu direbobi suna zuwa da ma'aunin Letter na Amurka, sai injin ya tsaya yana neman takardar da ba ka da ita. Na uku kuwa ya shafi abin da CUPS za ta yi idan ta aika aiki firinta ba ta amsa ba. Asalin ɗabi'arta ita ce ta dakatar da layin ayyukan da ke jira gaba ɗaya har sai mutum ya zo ya sake kunna shi, ko da yake wasu nau'o'in Linux sun sauya wannan. Na taɓa ganin ofishin da uwar garkensa ke kan batir, firinta kuma a kan wutar gari. Wuta ta tafi minti biyar ta dawo, amma har la'asar ba takardar da ta fito, ana ta zargin inji da bai yi laifin komai ba. Da retry-job, aikin zai jira ya sake gwadawa da kansa.

Abin da ya rage shi ne buɗe ƙofa ga sauran kwamfutoci:

sudo cupsctl --share-printers
sudo ufw allow from 192.168.1.0/24 to any port 631

Lamba 631 ita ce ƙofar CUPS, layi na biyu kuma ana buƙatarsa ne idan ufw, wato katangar tsaro da ke tare ƙofofin kwamfuta, tana kunne. Za ka ga wasu na ƙara --remote-any. Ka guje shi, domin yana karɓar aiki daga kowane adireshi, alhali mutanen ofis kaɗai kake nufi.

Ka gwada daga uwar garken kanta da lp -d Ofis takarda.pdf, sannan ka duba halin da ake ciki da lpstat -t. A kwamfutocin Linux da Mac da wayoyi, sunan Ofis yakan bayyana da kansa. A Windows kuwa, idan bai bayyana ba, ka zaɓi ƙara firinta ta suna ka rubuta http://192.168.1.10:631/printers/Ofis.

Ranar da aiki ya maƙale, musamman a hunturu da ƙura ke sa inji ya kasa jan takarda, ka fara share layin ayyukan da sudo cancel -a Ofis, ka tayar da shi da sudo cupsenable Ofis. Idan bai tashi ba, dalilin yana rubuce a /var/log/cups/error_log, kuma sudo cupsctl --debug-logging zai sa bayanin ya yi dalla-dalla. Ka tuna ka kashe shi da --no-debug-logging bayan ka gama, kada fayil ɗin ya yi ta kumbura a banza.