Yadda Za a Koyar da Tambaya da Alamomin Rubutu a Darasin Turanci na Ƙaramar Sakandare

Duk malamin Turancin da ke duba littattafan 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Bauchi, Azare ko Misau ya san wannan jimlar: *Where you are going?* Ka gyara ta da jan biro yau, gobe ta sake dawowa. Ba taurin kai ba ne. Yaron yana ɗora kalmomin Turanci ne a kan tsarin Hausa. A Hausa, "Audu ya tafi kasuwa" da "Audu ya tafi kasuwa?" jerin kalmominsu ɗaya ne, murya ce kawai ke tashi, ko a sa "shin" a farko, ko "ko" a ƙarshe. A Turanci kuwa sai wata kalma ta bar mazauninta. Har yaran da ke jin Fulatanci, Jaranci ko Sayanci a gida, galibi Hausa suke yi a filin wasa, don haka da ita za ka riƙa kwatantawa.

Kada ka ɓata mako guda kan haddace ire-iren jimla. Guda huɗu ne: ta bayani, ta tambaya, ta umarni da ta motsin rai. Darasi ɗaya ya isa. Rubuta *Hauwa is frying masa. Is Hauwa frying masa? Fry the masa. What a hot day!* a allo, ka karanta kowace da muryarta, yara su faɗi aikin da take yi. Ta bayani da ta umarni ba sa ba su wahala. Tambaya ce ke cin lokaci, ka ware mata mako biyu ko uku.

Katunan kwali

Samo kwalin taliya biyu, ka yanka kati kamar ashirin da biyar, kowanne ya kai faɗin littafin rubutu, don na bayan aji su gani. Goma sha biyu na mataimakan aikatau ne: *am, is, are, was, were, can, will, has, have, do, does, did*. A fuska ɗaya ka rubuta kalmar da ƙaramin baƙi, a bayanta da babban baƙi a farko. Kati ɗaya ya ɗauki aya a gaba, alamar tambaya a baya. Wani ƙarami ya ɗauki *s* shi kaɗai. Ragowar sunaye ne da aikatau.

Fito da yara biyar su jeru da *Hauwa / is / frying / masa / .* Sai ka ce a mayar da ita tambaya. Mai riƙe da *is* zai tako ya tsaya gaban Hauwa, ya juya katinsa ya zama *Is*, mai aya ita ma ta juya nata. Abu uku ke nan a motsi ɗaya: sauya wuri, babban baƙi da alamar tambaya. Idan ɗaya ya manta, kada ka yi saurin gyarawa. Ajin zai ɗauki ihu ya gyara shi, kuma wannan ya fi jan bironka zama a kai. A yi jimloli shida ko takwas, ana canza yara, mata da maza.

A darasi mai minti 40, ka ba bitar jiya minti 5, katuna 15, tambayar juna bibbiyu 10, rubutu 10. Kada rubutu ya zo kafin baki ya saba.

Inda ake tuntuɓe: do, does, did

Jimla irin *Hauwa sells masa at Wunti* ba ta da mataimakin da zai taka gaba, sai an aro. A nan ake samun *Does Hauwa sells masa?* da *Did you went to Yankari?* Dalili shi ne yaron ya sa alamar lokaci sau biyu. Ka nuna musu da jiki: raba *sell* da *s* tsakanin yara biyu. Da zarar mai *does* ya shigo gaba, mai *s* ya koma mazauninsa ya zauna, domin *does* ya riga ya ɗauke masa aiki. Haka *went* ke komawa *go* idan *did* ya zo. Ƙa'idar da za su rubuta gajeriya ce: bayan *do, does, did*, aikatau ba ya ɗaukar komai. Ka ba wannan darasi uku a ƙalla, don shi ne kuskuren da ke bin ɗalibi har jarrabawar WAEC da NECO.

Sai wannan ya zauna sannan ka kawo *what, where, when, why, how*. Ba sabon abu ba ne: a fara gina *Are you going?* sannan a ɗora *Where* a gaba. Amma ka ja kunnensu kan *who* idan mai aikin ake nema: *Who broke the chair?* ba ta buƙatar *did*.

Akwai wani tarkon da littattafai ba su cika ambata ba. Idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?", ya ce "E", yana nufin bai ci ba. A Turanci amsar *Haven't you eaten?* ga wanda bai ci ba ita ce *No, I haven't*. Hana su amsa da kalma ɗaya. A riƙa cika ta har su saba. Haka kuma "ko ba haka ba?" ɗinmu tana shiga ko'ina, shi ya sa suke liƙa *isn't it?* a wutsiyar kowace jimla. Da katunan za ka warware: mataimakin da ke cikin jimla shi ke komawa ƙarshe, *She can cook, can't she?*

Jimloli biyu na kama da tambaya alhali ba ita ba ce. *He asked me where I live* labari ne ake bayarwa, aya take ɗauka, kuma ba a sauya jerin kalmomi. *How big the elephant is!* mamaki ne. Gwajin ɗaya ne: idan mai aiki ya riga mataimaki da aikatau duka zuwa, ba tambaya ba ce, in ban da irin ta *who* da mai wutsiya irin *can't she?* da aka ambata.

Alamomin rubutu

Fara da aya da babban baƙi, kada ka taɓa waƙafi sai sun zauna. Yaran da suka fara da allo ko Islamiyya sun saba da rubutun da ba shi da babba da ƙaramin baƙi, wasu ma za ka ga sun juya alamar tambaya ta fuskanci dama kamar ta Larabci. Wannan ilimi ne da suka zo da shi, ba abin tsawa ba. Rubuta alamomin biyu gefe da gefe ka nuna wacce ke tafiya da wane rubutu.

Babbar matsala ita ce sakin layi guda ba aya ko ɗaya, an ɗaure shi da *and then* daga farko har ƙarshe, kamar yadda muke jan labari da "sai… sai…". Rubuta layi biyar a allo ba alama, kan tafiya ruwan Wikki da ke Yankari ko ranar kasuwa. Karanta a hankali, su tafa duk inda magana ta cika, wani ya fito ya sa aya da alli mai launi, ya gyara baƙin da ke biye. Amma kada ka ce musu duk inda aka ja numfashi waƙafi ne, domin daga nan suke fara raba mai aiki da aikatau. Wurare uku sun ishe su a aji ɗaya: jerin abubuwa, bayan *yes* ko *no*, da kiran suna, kamar *Musa, sit down*.

Alamar da ke saman *don't* da *Amina's bag* sun san ta a "jama'a" da "'ya'ya", inda take tsaye a matsayin sauti. Faɗa musu a Turanci ba a furta ta: ko ta nuna an cire baƙi, ko ta nuna mallaka, kuma ba a sa ta don jam'i.

Wajen duba aiki, idan ajin ya kai sittin ko saba'in, ka ba da jimloli biyar kawai, su yi musayar littattafai, ka rubuta amsa a allo. Ka karɓi goma ka duba da kanka, ana juyawa kowane mako. Maimakon gyara kuskure, ja layi a ƙarƙashinsa ka sa alama a gefe, yaron ya nemo gyaran ya sake rubuta jimlar gaba ɗaya kafin darasi na gaba.