Kurakuran da sababbin admin ke yi wajen kulle tambaya

Na gaji da ganin sababbin admin, wato masu kula da zauren tattaunawa na intanet, suna manna wa tambayar mutum "Shirme" ko "Wannan ba tambaya ba ce", sannan su kulle. Irin wannan lakabi mutumin yake yanke wa hukunci, ba ya gaya masa abin da zai gyara.

Stack Overflow, shafin masu rubuta manhajar kwamfuta da aka buɗe a 2008, ya daɗe yana rufe tambayoyi da cewa ba tambaya ce ta gaskiya ba, ko ba ta da fa'ida. A 2013 suka jefar da wannan lafazi, suka koma cewa ba a gane abin da ake tambaya ba, ko tambayar ta yi faɗi. Har "an rufe" suka mayar "an jingine" a kwana 5 na farko, don mai tambaya ya san yana da damar gyara. A 2019 suka ƙara tausasawa: tambayar na buƙatar ƙarin bayani.

Lakabin da ya fi ƙona mini rai shi ne "An sha amsa wannan". A zaurenmu na gyaran waya, wani dattijo ya tambayi abin da ke sa wayarsa zafi in tana caji. Wani matashin admin ya manna masa wannan, bai nuna masa inda amsar take ba, ya kulle. Dattijon ya fice a ranar, alhali shi ke amsa mana duk tambayar batir da sola. Na kira shi na ba shi haƙuri, bai dawo ba. Haba jama'a! Me zai rage ku in kun rubuta, "Baba, ga inda aka amsa irinta, in matsalarku daban ce, ku faɗa mana samfurin wayar"? Ni ba na kulle tambaya sai na rubuta bayanin da babu a cikinta da yadda za a sake buɗe ta.

Sauran kurakuran ƙanana ne. In kun ce ba nan ne wurinta ba, ku faɗi wurin. Kada ku sa lakabin Turanci a zauren da kowa ke rubuta Hausa. Lakabi huɗu sun ishe ni, fiye da haka admin ma ruɗewa suke yi. In mutum ya gyara tambayarsa, a cire lakabin nan take, kada ya kwana a kanta.