Yadda za ka kalli tsoffin kwadunan Turai a gidan tarihi

In Allah ya kai ka Landan ka shiga gidan tarihi na Victoria and Albert (V&A), shiga kyauta ne, don Allah kar ka wuce ɓangaren kayan Birtaniya (British Galleries) da gudu kamar yadda yawancin mutane ke yi. Nemi kwadon ƙofa da wani maƙeri John Wilkes na garin Bamingam ya ƙera wajen 1680, ka tsaya a gabansa sosai.

Fara da fuskar kwadon tukuna. Za ka ga hoton wani mutum da hula da takalmi an zana shi a jikin tagulla, to ramin makullin ba a fili yake ba, yana ɓoye ne a bayan ƙafarsa, sai ƙafar ta ɗaga sannan ramin ya bayyana, hular kuma ita ke sakin sakata. Sai ka kalli faifan lambobin da yake nunawa da sanda, wannan faifan shi ke ƙirga sau nawa aka buɗe kwadon, kenan maigida na dawowa zai gane ko wani ya shiga a bayan idonsa. Wallahi wannan dabara tana burge ni matuƙa.

Ka ɗan durƙusa ka kalli gefensa ta gilashi, a nan ake ganin kaurin ƙarfen da tsaftar aikin hannu. Karanta ɗan katin da ke kusa, ka ɗauki hoto ba filasha.

In kuma Faransa ka nufa, akwai gidan tarihi na Le Secq des Tournelles a garin Rouen, tsohon coci ne cike da makullai da kwaduna.