Kafin Ka Yi Odar Kayan Aski Daga Waje

'Yan'uwa masu aski, kafin ku biya kuɗin injin aski, reza ko burushi daga waje, ku tambayi mai sayarwa: DDP ne ko DAP?

DDP na nufin ya haɗa kuɗin fito da haraji cikin farashin, kaya su iso hannunka ba ƙarin ko kwabo.
DAP kuwa, kai za ka biya kwastam idan kaya sun sauka.

Ni na koya da tsada. Na yi odar injin aski biyu, ina murnar na samu araha. Da suka iso, kamfanin da ya ɗauko su ya ce sai na biya fito, da harajin VAT na kashi 7.5, da nasu ladan fitar da kaya. Arahar ta tafi.

Abin da yawancinmu ba mu lura ba: ba a kan kuɗin kayan kaɗai ake lissafin fito ba, har da kuɗin jigila da inshora. Jigila mai tsada tana ɗaga harajin.

Kada ka haɗa kumfar aski ta gwangwani ko turaren bayan aski a cikin odar. Suna kama wuta, jiragen sama kan ƙi su ko a caje ka ƙari.

Inda dabarar neman DDP ba ta aiki: ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba sa yin DDP. Idan reza 'yan fakiti kake so, ka fara leƙa kasuwar Sabon Gari.