Yadda za ku gasa fiza a gida ko ba ku da fur

Mutane da yawa nan Yamai suna ganin fiza abincin masu kuɗɗi ne, sai an je restora. Alhali can Napoli ta ƙasar Italiya inda ta fito abincin talakawa ce, a bakin titi ake saida ta. Wadda suke kira marinara ma ko furomaji babu, tomati ne da tafarnuwa da mai da ɗan ganyen ƙamshi. Ita margarita da aka ce an yi ma sarauniyar Italiya a 1889 ita ce mai furomaji, ja da fari da kore kamar tutarsu.

To ga yadda za ku yi. Farin, wato garin alkama, rabin kilo, ruwa mai ɗumi kamar mililita 320, gishiri ƙaramin cokali 2, lebur cokali 1, mai babban cokali 2. Ku murza sosai minti 10 har ya bar kama hannu, a rufe. Da zafin Yamai awa 1 ya isa ya kumbura, lokacin bazara ma ku riƙa leƙawa don in ya wuce tsami zai yi.

Tomatin nan don Allah ku dafa shi har ruwan ya tsotse, nan ne mutane ke ɓata aiki, a zuba shi tsululu fiza ta fito jagab.

Fur ɗin Napoli zafinshi ya wuce digiri 400, cikin minti 1 da rabi ta gasu, mu ba mu da wannan, shi ya sa sai dabara. Ku samu kasko mai kauri da marfin ƙarfe, ku baza kwaɓin da hannu ya yi fele-fele, a gasa gefe guda tukuna sannan a juya, a shafa tomati, a jera albasar Galmi yankan siriri da tattasai da ɗan nama dafaffe da furomaji in akwai, a rufe a rage wuta. In furno ne da gawayi ku ɗebi garwashi ku aza bisa marfin, wutar sama ita ke narkar da furomaji, gindin kuma bai ƙonewa. Minti 6 zuwa 8.

Cuku namu bai narkewa, amma in kun daka shi kun barbaɗa bayan an sauke yana da daɗi ƙwarai, haka kilishi. Kuma kar ku cika mata kaya, tsakiya zai zauna ɗanye. Ɗoɗɗoya sai an sauke ake sa ta, wuta na baƙanta ta.