Kiwon Gwano a Akwatin Gilashi: Inda Aka Fi Yin Tuntuɓe

Duk wanda ya tashi a karkara ya san gwano. Ko ido bai gan shi ba, hanci zai ba da labari, don idan aka taka shi ko aka tsokane shi yakan saki wani wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke fitowa daga sinadaran farar wuta da ke gindin muƙamuƙinsa. Shi ya sa ranar da na fara ajiye shi a ɗaki, yayata ta leƙo, ta dubi akwatin, ta dube ni, ta ce, "Ƙanena, lafiyarka ƙalau kuwa?" Ban ga laifinta ba. Amma wanda ya taɓa zama rabin sa'a yana kallon yadda ƙwaron nan ke farauta da yadda yake renon 'ya'yansa, ya san abin da ke jan mutum.

Yawancin masu farawa daga bidiyon Turawa suke koyo, su kuwa Turawa abin da suka fi kiwo shi ne 'yar baƙar tururuwar lambu mai shan zaƙi, ko tururuwa mai tara hatsi. Gwano da danginsa mafarauta ne, kuma 'yan ƙasar zafi. Kusan duk asarar da na yi, da wadda na ga wasu sun yi, daga nan ta samo asali: an ɗaure kura a turken akuya, an zuba mata dusa, ana mamakin ramarta.

Tuntuɓen farko tun a daji ake yin sa, wato rashin sanin wanda ka kamo. A bakin mutane manyan baƙaƙen nan duk gwano ne, alhali ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda masana ke kira Paltothyreus tarsatus, mai tsawon kusan santimita 2, mai warin nan, wanda yakan fita kiwo ɗai-ɗai kuma ba ya zaɓen nama: gara, tana, ƙadandoniya, mushen ƙwaro, duk ci yake. Wannan yana kiwatuwa. Akwai kuma Megaponera analis, mai fita yaƙi a layi ɗaruruwa, ainihin jerin gwano ke nan. Shi ne wanda wani masani mai suna Erik Frank da abokan aikinsa suka yi nazari a kansa a gandun dajin Comoé na ƙasar Kwaddibuwa, suka bayyana a 2017 cewa yana ɗauko 'yan'uwansa da suka ji rauni a fagen fama ya kai su gida, daga baya kuma aka ga har jinyar ciwon yake yi ta hanyar lasa. Labarin na da daɗi, shi ke sa kowa ke son sa. To amma ba ya cin komai sai gara, kuma sau da yawa a yini yake kai hari. Ina za ka samo garar da za ta ciyar da bataliya kullum, rani da damina? Ƙari a kan haka sarauniyarsa, wato uwar gidan mai yin ƙwai, ba ta da fiffike, gida rabuwa yake yi biyu idan ya cika, don haka ba za ka taɓa tsintar ta tana yawo ita kaɗai ba. Ka bar shi a daji, ka je can ka yi kallo.

Kwarkwasa kuwa ba ma a maganarta. Miliyoyi ne a gida ɗaya, kuma ba su da mazauni na dindindin. Ƙaton ƙwaron nan mai fiffike da dogon ciki da ke faɗowa a gindin fitila da damina, wanda wasu ke ɗauka sarauniyar kwarkwasa ce, namiji ne, ba ya ƙwai.

Wanda na fi ba mai koyo shawara a kai shi ne Odontomachus, wani dangin gwano mai dogon muƙamuƙi da yake buɗewa ɗam kamar tarko. Akwai irinsa a Afirka ta Yamma, musamman inda ke da laima, a ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace da tarin ganye. Da abin farauta ya taɓa 'yan siraran gashin da ke tsakiyar bakin, sai tarkon ya rufe. An auna na wani ɗan'uwansa na Latin Amurka a 2006, aka samu gudun rufewar yana kaiwa mita 64 a daƙiƙa ɗaya.

Sai masu ɗaukar fartanya su tone rami su kwaso ma'aikata cike da gwangwani. Gida ba sarauniya gawa ce da ba a binne ba: za su yi 'yan watanni suna raguwa har na ƙarshe ya mutu. Ramin gwano kuma yana da ƙofofi barkatai da hanyoyi masu nisa a ƙarƙashin ƙasa, da wuya ka dace da sarauniyar, ka dai rushe gidan bayin Allah a banza. Ka jira farkon damina, lokacin da sababbin sarauniyoyi ke tashi. Wadda kake nema tana tafiya a ƙasa, ƙirjinta ya fi na ma'aikaciya kauri, ta riga ta karya fukafukanta, kana iya ganin tabonsu a gefe. Mai ɗan ƙaramin kai da manyan idanu, mai kama da zanzaro, namiji ne, sake shi. Kada kuma ka ce za ka ƙara mata mataimaka daga wani rami. Kowane gida da ƙamshin jikinsa, baƙo kashe shi ake yi, ko shi ya kashe ta.

Yanzu ga wurin da aka fi kashe sarauniya da kyakkyawar niyya. A bidiyo za ka ga an saka ta a kwalbar gwaji, ruwa a ƙasa an toshe da auduga, an toshe bakin, an jefa a durowa, an ce kada a taɓa sai bayan wata guda. Wannan gaskiya ne ga tururuwar da sarauniyarta ke fitowa da guzuri a jiki. Tana narkar da naman fukafukanta da kitsenta ta ciyar da 'ya'yan fari ba tare da ta leƙa waje ba. Sarauniyar gwano da ta Odontomachus ba su da wannan guzurin. A daji, ko da ƙwai a ɗaki, sai uwar ta fita ta yi farauta da kanta ta dawo. Idan ka kulle ta, za ta yi ƙwai, ta cinye, ta sake yi, ta sake cinyewa, har ƙarfinta ya ƙare. Gyaran ba wuya: ka bar bakin kwalbar a buɗe, ka rage faɗinsa da 'yar auduga ko guntun bututu, ka kwantar da kwalbar a cikin robar abinci mai murfi da ka shimfiɗa wa yashi. Kwalbar ɗaki ce, robar kuma daji. Duk kwana biyu ka ajiye mata gara biyu ko uku, ko ɗan mitsitsin gyare da ka matse wa kai. Ka lulluɓe kwalbar da takarda mai duhu.

Ko an tsallake wannan, akwai wani tarkon a gaba, kuma shi ne ya ci ni shekarar farko. Tsutsotsi suka girma suka yi ɓul-ɓul, ina murna, sai in wayi gari in ga babu ɗaya, gobe ma haka. Ashe tsabta ce ta cuce ni. Tsutsar wannan dangi sai ta saƙa wa kanta kwanso kafin ta rikiɗa, kamar tsutsar tsamiya, kuma ba ta iya fara saƙar a kan gilashi mai santsi. Uwar ko ma'aikatan ne ke binne ta da ƙwayoyin yashi, ta sami abin maƙala zare, idan ta gama su tono ta su share. Babu yashi, sai ta yi ta zubar da zare a banza, ta rikiɗa tsirara ko ta mutu, su kuma su mai da ita abinci. Rabin cokalin shayi na yashi mai laushi gauraye da ɗan yumɓu a cikin kwalbar ya isa ya raba ka da wannan baƙin ciki. Ka fara gasa yashin a kasko ya huce, don kashe abin da ke ciki. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciyar farko kan ɗauki kusan wata biyu, kuma 'yan ƙalilan ne za su fito, ba dandazo ba. Mai gaggawa ya nemi kiwon kaji.

Kan abinci, ruwan sukari ko na zuma yana da amfani ga manya, ɗigo ɗaya a kan 'yar auduga don kada su nutse. Amma ba ya raya tsutsa. Yawancin tururuwa suna tara abinci a ciki su yi wa juna ɗura baki da baki. Mafarautan nan ba su ƙware a haka ba, guntun nama ake ajiye wa tsutsa ta ci da kanta. Ma'ana babu rumbu a gidan, sai an kawo sabo a kai a kai, kaɗan-kaɗan. Mutum ya jefa ƙatuwar fara mai rai ga gida mai ma'aikata biyar, wai yana son ganin dambe, ta yi shuri ɗaya ta karya biyu. Abin farauta kada ya wuce girman mafarauciyar sai dai in an kashe an yanka. Abin da ba su ci ba zuwa washegari ka cire da hantsaki, don a wuri mai laima funfuna ba ta jira.

Mafi haɗari shi ne kyankyason da ka tsinta a kicin yana tafiya kamar mashayi. Tafiyar ta guba ce. Shi da farar gonar da aka yi wa feshi, ɗaya tak na iya shafe gida. Ka debo gara daga inda ka tabbata ba a zuba magani ba, ko ka kiwata gyare da kanka a bokiti da dusa da ɓawon kayan miya. Wanda ka kamo a waje, in kana da firji mai daskarewa, ka bar shi ya kwana biyu a ciki, hakan na rage ƙananan ƙwarin nan masu kama da kaska da ke maƙale wa tururuwa a kai da ƙafafu. Haka nan ɗakin da akwatin yake ya yi bankwana da fesa maganin sauro da kunna mai hayaƙi. Gidan sauro za ka koma. Ka kuma gaya wa mutanen gida tun da wuri, don mai fesawa da yamma taimakonka yake nufi.

Littattafan Turawa suna cewa a saka tururuwa a wuri mai sanyi watanni ta yi barcin hunturu. Namu ba su san wannan ba, sanyin firji kashe su zai yi. Abin da suke so shi ne ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 28 da laima. Matsalarmu a Arewa biyu ce. Da hunturu iska kan bushe ƙayau, gidan da kake jiƙawa sau ɗaya a mako da damina sai ya nemi ruwa duk kwana biyu. Gefe ɗaya kaɗai za ka riƙa ɗigawa da sirinji, ɗaya gefen ya zauna a bushe, su da kansu za su kai ƙwai inda ya dace. Idan ka ga sun cunkushe a jikin audugar ruwa, ƙishi ne. Idan sun kwashe 'ya'ya sun fito fili, ka cika ruwa. Da bazara kuwa, ɗakin kwano a watan Afrilu na wuce digiri 40, kuma ba a dogara da wutar lantarki. Ka sauko da akwatin ƙasa, kusa da randa, nesa da taga. Rana ta minti ashirin a kan gilashi ta isa ta dafa su. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yaɗa don adana kayan lambu har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki a nan ma idan gidan ƙarami ne. Ka dai bar kafar iska.

Kowa tsoron su tsere yake yi, kuma da gaskiya: Odontomachus kan harba muƙamuƙinsa a ƙasa ya yi tsalle, don haka sai da murfi mai raga. Hoda da aka dama da sifirit aka shafa a bakin akwatin tana sa ƙafa zamewa. Amma abin da ya fi cin gida daga waje yake zuwa. Kiyashi, duk ƙanƙantarsa, idan ya ji ƙamshin nama zai shigo dubbai ya kwashe ƙwai da tsutsa a dare ɗaya, manyan mafarautan nan suna ji suna gani. Ka tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa mai ɗan sabulu, kada kuma akwatin ya taɓa bango. Tsaka ma tana leƙowa.

Hannu kuwa ba ya shiga ciki. An ce cinnaka bai san na gida ba, gwano ma bai san mai ba shi abinci ba, kuma harbinsa da zafi. Wanda harbin zuma ko rina ke sa wa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, wannan kiwon ba nasa ba ne. Idan hakan ta faru ga wani a gidan, asibiti kai tsaye.

Ƙananan kurakurai biyu da ke tafiya tare: ba su ƙaton gida tun suna goma, sai su mai da ɗakunan da ba kowa juji, da yawan buɗewa ana haska tocila ana nuna wa baƙi. Girgizar janareta ko ta rediyo a kan teburi ɗaya ma tana sa uwa cinye ƙwanta. Leƙe sau biyu a mako ya wadatar, kuma kada a yi musu ƙaura sai kwalbar ta cika maƙil.

Saura batun saye da sayarwa ta intanet. A watan Afrilun 2025 an kama wasu samari biyu 'yan Beljiyam a Kenya da sarauniyoyin tururuwa kimanin 5,000 cikin ƙananan kwalabe, kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya ko zaman kaso na shekara. Duk wanda ya tuntuɓe ka daga waje yana son ka aika masa gwano a ambulan, ka tuna da su. Shigo da baƙon iri ma haka: jar tururuwar wuta da ta addabi kudancin ƙasar Amurka a jirgin ruwa ta sauka tashar Mobile ta jihar Alabama cikin shekarun 1930, har yau ba a rabu da ita ba. Idan ka gaji da kiwon, na gida ka mai da shi daidai inda ka kamo uwar, da damina, da yamma, a gindin itace mai inuwa. Baƙon iri kuwa ba a sakin sa ko ɗaya; a ba wani mai kiwon, in babu, a rufe akwatin a saka a firji mai daskarewa kwana uku.